Holan: Ƙasar da Ke Zaune a Ƙasan Teku

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi bayani kan ƙasar Holan, wadda akasarinmu muka sani ta atamfa 'yar Holan da madarar Peak, amma ba mu san da wace wahala mutanenta ke riƙe da ƙasar da suke takawa ba.

Sunanta na hukuma Netherlands, wato ƙasa mai kwari. Holan sunan larduna biyu ne kawai cikin 12. Faɗinta kusan murabba'in kilomita 41,500, bai kai na Jihar Kaduna ba, mutanenta kuwa kimanin miliyan 18. Amsterdam ce babban birni, amma gwamnati da majalisa a Hague suke, Sarki Willem-Alexander kuma yana kan gado tun 2013. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da matakin teku, wuri mafi kwari ya kai mita 6.7, ga manyan koguna irin su Rhine da Maas duk nan suke juye ruwansu.

Filin da suka ƙwato daga ruwa suna kiransa folda. Ana kewaye wurin da jinga, a haƙa babbar magudana a bayanta, a zuƙe ruwan ciki a zuba can, sannan a yanyanka filin da ƙananan kwatoci. Da injin iska suke zuƙar ruwan a da, har yau akwai guda 19 a Kinderdijk. Yanzu famfunan lantarki ne. Aikin ba ya ƙarewa, domin ruwan saman da ya sauka cikin folda ba shi da hanyar fita sai an ɗaga shi.

Jingar kanta ba tulin ƙasa ba ce kawai. Cikinta yashi, a lulluɓe da yumɓu mai kauri, a shuka ciyawa mai riƙe ƙasa, fuskar da igiyar ruwa ke duka kuma a jera mata duwatsu. Inda muke so mai karatu ya natsu shi ne yadda take lalacewa, don ba sai ruwa ya haura kanta ba. Idan kogi ya cika ya daɗe, ruwa kan bi ta ƙarƙashin jingar ya ɓullo a bayanta kamar idon ruwa. In garau yake fitowa, da sauƙi. In ya fara tara yashi a bakin ramin kamar gidan tururuwa, to yana rarake gindin jingar ne, kuma za ta iya ruftawa cikin sa'o'i. Ba a toshe ramin, don ruwan zai fasa wani wuri. Buhunan yashi ake jerawa a kewaye shi, ruwa ya taru ya hau, nauyinsa ya rage ƙarfin ɓuɓɓugar har yashin ya daina fita. Akwai kuma wani ɓeran ruwa mai kama da gafiya da ke haƙa ramuka a jinga, har ma'aikata na musamman aka ɗauka don kama shi. Fari ma illa ne: a Agustan 2003, jingar garin Wilnis ta bushe ta yi sakayau, ruwan magudana ya ture ta, ya shiga unguwa ba tare da an yi ruwan sama ba.

Sun sha wuya kafin su kai nan. A daren 31 ga Janairu 1953, guguwa ta haɗu da cikar teku, jingogin kudu maso yamma suka fashe, mutum 1,836 suka mutu. Daga nan aka fara aikin Delta, wato gina jerin madatsu da jingogi don tare teku. Ɗaya daga cikinsu, madatsar Oosterschelde, mai tsawon kilomita 9 da ƙofofi 62, an buɗe ta a 1986. Ƙofofin a buɗe suke kullum, sai teku ya yi barazana a sauke su. A 1995 kuma koguna suka cika har aka kwashe mutum kusan 250,000, sai suka gane ɗaga jinga kaɗai ba ya isa. Suka koma ba kogi fili: a birnin Nijmegen an ja jinga baya da mita 350, aka haƙa wa kogin Waal hanya ta biyu.

Amma a ganinmu ƙarfinsu ba a kankare yake ba, a hukumomin ruwa yake. Guda 21 ne, asalinsu tun ƙarni na 13. Jama'a ke zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, suna da harajinsu na kansu da ba ya bi ta baitulmalin gwamnatin tsakiya, kuma kuɗin na jinga da famfo da tace ƙazamin ruwa ne. Manomin da kwata ta bi ta gonarsa wajibi ne ya yashe ta kafin ranar duba. In bai yi ba, hukuma ta yashe ta aiko masa da lissafin kuɗi.

Bayan abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, da ambaliyar da ke cin gonakin kwarin Haɗeja, wannan ɓangaren ne muke roƙon jihohinmu su ɗauka, don ba ya bukatar biliyoyi. Kowace jinga da madatsa a san sunan wanda ke da alhakinta. A taka ta da ƙafa sau biyu a shekara, a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka da kuma bayan ɗaukewar damina, a rubuta kowace tsaga da ramin gafiya da bishiyar da ta tsiro a jikinta, a gwada buɗe kowace ƙofa, a kuma tanadi buhunan yashi a garin da ke kusa tun kafin Agusta.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan madatsu da noman rani