A damƙa tarihin Shagari a hannun masana

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi kira ga malaman tarihi na jami'o'in Sakkwato, Gusau da Birnin Kebbi a kan wani aiki da nake ganin su ne ya kamata su ɗauka, tun kafin 'yan siyasa su riga su. Ranar 25 ga Fabrairun 2025 marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, ya cika shekara 100 da haihuwa. Ya rasu tun Disambar 2018. Waɗanda suka yi aiki da shi, da waɗanda suka yi adawa da shi, kullum raguwa suke yi. Muna bukatar ƙungiya ta nazarin rayuwarsa da zamanin mulkinsa, wadda ba kasuwanci ya tara ta ba, kuma masana ne ke riƙe da ragamarta.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A garin Springfield na jihar Illinois a Amurka, an kafa ƙungiya a 1908 domin shirya bikin cikar Abraham Lincoln shekara 100. Biki ya wuce, ƙungiya ta zauna. Daga baya ta koma tattara duk wata wasiƙa da jawabi da ɗan rubutun da mutumin ya bari, har a 1953 aka buga su cikin juzu'i 8, Roy Basler ne editan aikin. Misali na biyu ya fi burge ni. Ƙungiyar nazarin Ulysses Grant, shugaban Amurka na 18, an kafa ta a 1962, wani masani John Y. Simon ya zauna a kan takardun tun daga lokacin har rasuwarsa a 2008, juzu'i 31 ya fitar. Yau takardun suna Jami'ar Jihar Mississippi, jihar da Grant ɗin nan ya yi wa garinta Vicksburg ƙawanya a yaƙin basasa a 1863. Jikokin waɗanda ya yaƙa su ke gadin takardunsa. Da magoya baya ne ke tafiyar da ƙungiyar, da wuya haka ta faru.

Mu a nan mun san yadda ake yi. A kafa gidauniya da sunan babban mutum, a kama babban ɗakin taro, a gayyato babban mai ƙaddamarwa da uban taro da uwar taro, maroƙa su cika wuri, a yi alkawarin miliyoyi. Bayan wata uku abin da zai rage shi ne kalanda mai hoton marigayi a bangon ofis. Ba raina addu'a da yabo nake yi ba, suna da muhallinsu. Amma ɗalibin da ke son sanin me aka tattauna a majalisar ministoci kafin a kawo dokar tsuke bakin aljihu ta 1982, kalanda ba za ta amsa masa ba.

Kuma abin nazarin yana da yawa. Mutum ne da ya fara da alli da allo, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe hedimasta a Argungu a farkon shekarun 1950, ya rubuta waƙe da Hausa, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya yi minista a gwamnatin Tafawa Balewa, ya riƙe ma'aikatar kuɗi a zamanin Gowon, sannan ya zama shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko ranar 1 ga Oktoban 1979. A kowane mataki ya bar takarda. Wasu suna ma'ajiyar gwamnati, wasu kuwa suna cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadon tsofaffin sakatarorin jam'iyya. Na taɓa ganin irin wannan akwati an buɗe shi bayan rasuwar mai shi: katin NPN, jam'iyyar Shagari, mai alamar gida da masara, takardun gayyata, littafin da ake rubuta bayanan taron mazaɓa da bairo shuɗi, kaset na waƙoƙin kamfe da zarensa ya manne. Gara ta cinye rabin littafin daga ƙasa. Magada suka ɗauki akwatin domin yana da amfani, takardun aka zube su a bayan ɗaki.

Dalilin da ya sa na nace sai masana, mu mutanen yankin Talata Mafara da Maradun mun fi kowa saninsa. Bakolori. Sojoji ne suka ba da kwangilar madatsar ga kamfanin Impresit na Italiya, aka kammala ta a 1978, wato kafin Shagari ya hau mulki. Ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, aka dinga jan manoma a kan diyya da rabon filaye, har suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. A lokacin Shagari ne shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa kuma gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, dukkansu 'yan jam'iyya ɗaya. Hukuma ta ce gommai ne suka mutu, mutanen yankin da 'yan adawa suka ce ɗaruruwa ne. Wa ya ba da umarni? Me aka rubuto wa Legas, me Legas ta amsa? Ina kuɗin diyyar suka maƙale? Gidauniyar da iyali ko tsofaffin abokan siyasa ke jagoranta ba za ta so a taɓo wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba, ɗa ba ya binciken ubansa. Ɗan adawa kuma shi hukunci ya riga ya yanke. Ana son mutumin da zai ajiye rahoton 'yan sanda kusa da bayanin tsohuwar da ta rasa mijinta, ya auna su da ma'auni ɗaya, ko da sakamakon ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Haka sauran batutuwan: shari'ar zaɓen 1979 a kan kashi biyu cikin uku na jihohi 19 da Awolowo ya kai har Kotun Ƙoli, shirin bunƙasa noma, gidajen Shagari da har yau ake kira da sunansa, korar baƙin haure a farkon 1983, da juyin mulkin 31 ga Disambar wannan shekara. Mutane da yawa sun shaide shi da rashin tara dukiya, amma an zargi wasu na kusa da shi da akasin haka. Duka biyun a bincika.

Game da tsari, ba sai an je nesa ba. Gidan Arewa da ke Kaduna yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, a Kano tana ƙarƙashin Jami'ar Bayero, ga kuma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da zan ƙara shi ne ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta: a yi mata rajista, kowane ɗan ƙungiya ya biya kuɗin shekara, a zaɓi shugabanni na wa'adi, a ɗauki edita guda wanda ba shi da wani aiki sai takardun. Gwamna ya ba da gudummawa in ya ga dama, amma kujerar shugaba ba tasa ba ce, ba ta wakilinsa ba ce. Iyali su ba da takardu a girmama su, ba tare da ikon cewa a cire shafi kaza ba. A kuma sa 'yan jam'iyyun adawa GNPP da PRP na wancan zamani cikin waɗanda za a saurara, domin su ma sun ga abin da suka gani. Abin da aka gano a buga shi da Hausa tare da Turanci, tunda waɗanda abin ya shafa yawancinsu Hausa suke ji.

Aikin da ba ya jira shi ne naɗar bayanan dattawa. Wanda yake ɗan shekara 30 a 1980 yanzu ya haura 70, ga shi rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da dama, tsofaffi sun koma zaman gidajen 'yan uwa a Mafara da Gusau. Wannan ba ya bukatar gini ko bikin ƙaddamarwa. Malami ɗaya da ɗalibansa na ajin ƙarshe, da wayar hannu, da izinin mai unguwa, sun isa a fara a hutun da ke tafe.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Talata Mafara, Jihar Zamfara