Wasiƙa a kan Sarkin Yaƙi da mutum shida

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na daɗe ban rubuto maka ba, laifina ne, ka yi haƙuri.

Ɗanka ne ya sa na ɗauki alƙalami, babban yaron nan nawa. Daren jiya ya same ni da zancen yana son shiga makarantar horon hafsoshin soja ta Kaduna. Ya miƙo min waya, ya ce irin wannan mutumin yake son zama. Ina dubawa sai ga Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Ka tuna farkon 2015, lokacin da Baga ta faɗa hannun Boko Haram, muka riƙa kwana da rediyo a kunne? A watan Fabrairu aka ƙwato Monguno da Baga, sunan Abu Ali, lokacin yana Manjo mai tankokin yaƙi, ya cika bakin mutane, har ana ce masa Sarkin Yaƙi. A Satumban shekarar Janar Buratai ya je Gamboru Ngala ya ɗaura masa muƙamin Laftanar Kanar a bakin daga. Ɗan babban gida ne fa. Mahaifinsa janar ne, ya yi gwamnan soja a Bauchi, daga baya ya zama sarkin Bassa-Nge a Kogi. Irinsa da yawa sai su nemi ofis mai sanyi su zauna. Shi yana can cikin ƙura, gaba-gaba.

Daren Juma'a, 4 ga Nuwamba 2016, aka kai hari Malam Fatori, kusa da iyakar Nijar, a nan ajali ya same shi. An haife shi a 1980, shekarunsa 36 ke nan. Wannan lissafin ne ya hana ni barci. A lokacin ina ganinsa babban mutum, saboda kaki da muƙami. Yanzu ni da kai mun wuce shekarun nan, furfura ta fito mana, shi kuwa a hoton yana nan yaro ɗanye shar. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana.

Akwai abin da ya fi ci min rai. Ranar 7 ga watan da aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja, ba shi kaɗai ba ne, da wasu sojoji shida aka binne shi. Na tambayi yaron ko ya san sunan ɗaya daga cikinsu, ya yi shiru. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da na laluba kaina ban samu ko ɗaya ba. Alhali kowannensu akwai uwar da ta yi ta kiran wayarsa a wannan makon. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Ban ce wa yaron e ba, ban ce a'a ba. Mahaifiyarsa ma ba ta sani ba tukuna. Yana jin maganarka fiye da tawa, don haka ka kira shi ƙarshen mako ka ji ta bakinsa, sannan ka gaya min gaskiyar abin da ka gani.

Ka gaida min da mutanen gida.

Naka har kullum.