Sanarwa kan furotin da za mu yi oda tare

Assalamu alaikum ƴan uwa. Malam ya amince mu haɗa kuɗi mu sayo furotin guda biyu na ɗan Adam da ake haɗawa a ɗakin gwaji, SRSF1 da U2AF2. Dukkansu suna cikin masu taimaka wa spliceosome, wato injin da ke cikin ƙwayar halitta mai gyara RNA (kwafin saƙon gado), wajen yanke intron (sassan da ake cirewa) daga RNA a ɗinke exon (sassan da ake bari), aikin da aka gano a 1977, har masanan da suka gano shi, Sharp da Roberts, suka samu kyautar Nobel a 1993.

Abin da nake roƙo mu duba da kyau shi ne inda aka samar da SRSF1. Wanda aka yi a cikin bakteriyar E. coli ya fi araha, amma bakteriya ba ta liƙa masa sinadarin fosfet a wutsiyarsa mai arginin da serin (biyu daga cikin tubalan gina furotin), kuma aikinsa ya dogara da wannan fosfet ɗin. Ni dai ina ganin gara mu ƙara kuɗi mu ɗauki wanda aka yi a ƙwayoyin halittar ƙwari. Araha ba ta ado.

Sai ajiya. Da zarar kayan sun iso Samaru cikin busasshiyar ƙanƙara, za a raba su ƙananan kwalabe a saka firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri. Kada wanda ya narkar ya mayar. Bara haka muka yi asara da aka ɗauke wuta kwana biyu, har yau abin yana damuna.

Furotin ɗin nan na aikin bincike ne kawai, ba magani ba ne. Mai buƙata ya rubuto adadin da yake so kafin Juma'a.