A nemo inda mamatan Ƙonni na 1899 suke kwance

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin tarihi ne a nan Tawa, amma mahaifiyata ƴar Birnin Ƙonni ce. Duk shekara nakan koya wa ɗalibaina yadda ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya afka wa Ƙonni a watan Mayu na 1899, ya yi kisan da har yau ake jimaminsa. Kaburburan waɗannan mutum biyu suna nan Maijirgi, kusa da Tasawa, kowa ya san su. To waɗanda suka kashe fa, ina nasu? Wannan abu yana ci mini rai.

Akwai na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa. Tura ta ake yi kamar baro, layi bayan layi. Tana aika igiyar rediyo cikin ƙasa, igiyar ta dawo, kwamfuta ta nuna inda aka taɓa haƙa rami aka mayar da ƙasa, domin ƙasar da aka tona ba ta komawa yadda take. Ba ƙashi take gani ba, alamar rami take gani. A busasshen rairayi tana kaiwa nesa, amma laka mai danshi tana shanye igiyar, don haka a gefen fadama sai an jira rani.

Abin da ya fi kwanta mini shi ne ba a taɓa mamaci. Mu Musulmi ba mu son tonon kabari, kuma na san dattawan Ƙonni ba za su yarda a shigo musu da diga da shebur ba. Da gaskiyarsu.

Na'urar takan yi kuskure, ya kamata a faɗa wa mutane tun farko. A garin Tulsa na Amurka, inda aka karkashe baƙar fata a 1921, rada ta nuna wani wuri a maƙabartar Oaklawn, aka haƙa a watan Yuli na 2020 ba a ga kowa ba. Sai a Oktoba aka tarar da kaburbura a wani ɓangaren. Shi ya sa nake ganin bakin tsofaffi ne zai ja gaba, su nuna inda kakanninsu suka nuna musu, sannan na'ura ta bi sawu. Tsofaffin nan kuwa ƙarewa suke yi, gari yana ta faɗi, ana yanka filaye ana zuba siminti.

Muna da masana a cibiyar binciken tarihi da rayuwar ɗan Adam (IRSH) ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, gidan da ya yi aikin tonon kayan tarihi a Bura a 1983. Ina roƙon su zauna da sarkin Ƙonni da malamai da magajin gari, a ɗauki maganar dattawa a rubuce, a nemo na'urar ko da aro ne. Duk inda alama ta yi ƙarfi a kewaye shi, a hana gini, a kafa allo. In aikin ya yi kyau, a wuce Lugu, garin Sarauniya Mangu, wanda shi ma ayarin ya afka wa.

Wassalam.

Wani malamin tarihi,
Tawa