Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministar Masana'antu da Kasuwanci: Kafin a Hana Shigo da Safa

Ranki ya daɗe, Dakta Jumoke Oduwole,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne a Balogun, nan Legas, sarin safa nake yi. Yawancin masu saye a hannuna samari ne daga Arewa, su ne kike gani cikin gosulon Oshodi da Obalende da safa rataye a hannu suna bin motoci a guje. Ribar dozin guda ita ce abincinsu na yini. Tun da gwamnati ta amince da manufar fifita kayan gida a watan Mayun 2025, muna jin masu kira a sake rufe ƙofa ga kayan saƙa na waje, har da safa. Roƙona shi ne kada a yi, sai an tada masaƙar da za ta maye gurbin.

Babu wanda ya kai mu son kayan gida. Iyayenmu sun ci abinci a Kakuri, a masaƙar KTL da aka buɗe a Kaduna a 1957, da UNTL, da masaƙun Kano. Audugar Funtuwa da Gusau ce ke ciyar da su. Wanda ya ga ma'aikata suna tuɗaɗowa daga ƙofar masaƙa a lokacin tashi, ya kuma ga ciyawar da ta cinye wurin yau, ba sai an yi masa wa'azin kishin ƙasa ba.

Amma hani mun sha gwada shi. A 2015 Babban Banki ya hana sayar da dala ga masu shigo da kayayyaki iri 41, a 2019 ya tsananta kan kayan masaƙa, sai a Oktoban 2023 ya janye. An rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Masaƙun ba su dawo ba. Kaya dai bai daina shigowa ba, hanya kawai ya sake: kwantena ta sauka a Kwatano, a bi da ita ta daji da daddare, kuɗin fito da ya kamata ya shiga baitulmali ya shiga aljihun 'yan fasa-ƙwauri. Gwanjo ma haramtacce ne a dokar kwastam, amma ki je kasuwar Katangowa ta nan Legas ki ga dila-dila ana kwancewa da rana tsaka.

Amurka ma ta gwada a kan safa. Garin Fort Payne na jihar Alabama ya yi suna da saƙa ta. A 2004 gwamnatinsu ta ƙayyade safar da za ta shigo daga Chaina, a 2008 ta ƙara haraji kan ta Honduras. Duk da haka yawancin masaƙun garin suka rufe. Ƙasa ce mai wuta ba ɗaukewa, mai auduga jibge. To ina ga mu?

Safar da nake sayarwa daga Chaina take zuwa, inda gari guda, Datang, ya tara masu zare da masu rini da masu inji wuri ɗaya. Mai saƙa a Ikeja ko Sharaɗa kuwa da dizal yake tada inji, zaren ma daga waje zai sayo, banki ya ba shi rance da ruwan da ke karya baya. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, nauyin ya ƙaru. Idan aka hana ta waje a wannan hali, uwar da ke saya wa 'ya'yanta farar safar makaranta ita za ta biya, yaran gosulo kuma su rasa abin yi.

Akwai kasuwa a hannunku da ba ta buƙatar hana kowa komai. Sojoji, 'yan sanda, kwastam da masu yi wa ƙasa hidima duk safa suke sakawa, kuma gwamnati ke saye. A ba masaƙun gida wannan kwangila ta shekaru, a biya su kan lokaci, a sassauta musu kuɗin wuta da harajin shigo da injina. Ta waje a bar ta ta shigo ta tashar jirgin ruwa ta Apapa da haraji madaidaici, wanda biyansa ya fi wa ɗan kasuwa sauƙi a kan bin daji. Ranar da safar gida ta iso Balogun da farashin da talaka zai iya, mu za mu fara yin layi a ƙofar masaƙar.

Allah ya yi miki jagora.

Naki,
Wani ɗan kasuwar safa, Balogun, Legas