A riƙa auna tirela tun a wurin lodi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan lodin wuce kima da ake yi wa tireloli, domin abin yana cin hanyoyinmu, yana kuma cin rayuka.

Doka dai akwai ta. A 2012 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'ida guda: layin tayoyin baya ɗaya kada ya ɗauki fiye da tan 11.5, tirela mai layin tayoyi shida kuma kada nauyinta, ita da kayanta, ya wuce tan 51. To, a yi lissafi. Buhu 600 na siminti ko taki mai kilo 50 tan 30 ke nan. Amma yanzu buhu 900 ake ɗorawa, wato tan 45, kafin a haɗa da nauyin motar kanta. An riga an keta doka tun mota ba ta bar wurin lodi ba.

Mutane da yawa suna zaton ɓarnar kwalta tana ƙaruwa ne daidai da ƙarin kaya. Ba haka ba ne. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan kai wajen ninki 16. Shi ya sa za ka ga hanya sabuwa fil, bayan damina biyu ko uku ta yi kwari a daidai sawun tayoyi, kwalta ta tattare gefe. Duk wanda ya bi hanyar Mokwa zuwa Jebba ya san abin da nake nufi. Birki ma an ƙera shi ne don nauyi sananne. A gangara sai ya ɗau zafi ya ƙi ci, taya ta fashe, sifirin ya karye. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a loda shanu ko buhuna, sannan a jera bayin Allah a sama.

Sai dai a kullum direba ake kamawa, alhali shi ne mafi ƙarancin iko a cikin lamarin. Mai kaya yana son rage kuɗin dako, mai mota yana son mayar da kuɗin gas da na taya, ɗan kamasho yana son nasa. Direban da ya ƙi lodin, gobe a miƙa wa wani makullin.

Don haka nake kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC, da su kafa sikelin auna mota a inda kaya ke tashi: tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, kamfanonin siminti da na taki, da manyan kasuwanni irin Dawanau. Kowace mota ta fita da takardar nauyinta. Idan an same ta da ƙari a hanya, a sauke rarar nan take, tarar kuma ta hau kan wanda ya yi lodin da mai motar. Ƙungiyar masu motocin sufuri ta ƙasa, NARTO, ita ma ta tsayar da kuɗin dako da mota za ta iya fita da shi a kan buhu 600.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kano