Furen Koriya ba zai yi a Kumasi ba, ku ba mu labarin lalle

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai sayar da turare ce a nan Kumasi, humra da turaren wuta da na tsuguno, don haka maganar ƙamshi ba ta wuce ni ban tanka ba. A shafinku na gida da lambu kun buga hoton wani ɗan itace mai dunƙulen fure fari, kuka ce sunansa Viburnum carlesii, kuka yabi ƙamshinsa, kuka ce ya dace da ƙofar gida. Yabon ba ƙarya a ciki. Sai dai ba ku faɗi ƙofar gidan wace ƙasa ba, ga shi har mata biyu sun zo shagona da hoton a waya suna tambaya ina ake sayar da dashensa.

Itacen nan ɗan Koriya ne, ana kuma samunsa a tsibirin Tsushima na Japan. 'Yar yayata da ke aure a Kolombus, jihar Ohayo ta Amurka, tana da guda a gefen matakalar gidanta, kuma kowace shekara sai ta cika mini waya da hotunansa. Tsawonsa bai wuce na mutum ba. A watan Afrilu, bayan ƙanƙara ta narke, tohon furen yakan fito jaja-jaja, ya buɗe ya koma fari, ƙamshin ya yi kama da na kanumfari, har daga bakin titi ana jinsa. Kamar mako biyu ya gama. Sauran shekara ganye ne kawai, da kaka ganyen ya yi ja ya zube, da sanyi ya tsaya tsirara cikin ƙanƙara.

To wannan tsayuwar cikin ƙanƙara ita ce sirrin. Itacen yana ɗaura tohon furensa tun shekarar da ta gabata, tohon ya kwanta barci, kuma ba abin da ke tashinsa sai ya sha makonni masu yawa cikin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Shi ya sa ma masu shi ba sa aske rassansa sai da zarar ya gama fure, in suka jinkirta sun yanke furen baɗi. Mu kuwa a Kumasi, ko a tsakiyar hunturu, lokacin da yara ke ƙin wankan asuba leɓe na tsagewa, sanyinmu bai kusanci haka ba. Wani Alhaji maƙwabcinmu a Aboabo ya taɓa sa a kawo masa reshen irin wannan itace daga Turai. Ya saya masa tukunyar siminti mai ado, ya hana jikokinsa buga ƙwallo kusa da ita. Reshen ya yi ɗan ganye, ya tsaya cak, ya bushe, ko fure ɗaya bai nuna ba. Ban da haka, shigo da tsiro daga waje sai da takardar izinin Ma'aikatar Abinci da Noma, ba a cusa shi cikin akwati tsakanin atamfofi.

Abin da ya fi damuna, muna leƙen hoton furen wasu, namu kuwa muna sare shi. Ina ƙarama, da wuya ka shiga gida a Zango ba ka tarar da lalle a bayan ɗaki ko kusa da rijiya ba. 'Yan matan yanzu sun san lalle a leda, gari, ko wanda ake matsowa a zana a hannu. Da yawansu ba su san itace ne mai fure ba. Furen ƙanana ne, fari mai ɗan rawaya, a cunkushe a kan tsinken reshe, ba shi da kyan da za a ɗauka hoto. Amma ki tsaya kusa da shi bayan magariba, iska ta ɗan motsa. Ni da nake wuni cikin miski da sandal da hawi, har yau ban haɗa humrar da ta kamo wannan ƙamshin ba. A Indiya tatsar turare ake yi daga furen nan. Mu kuma sai mai gida ya tashi ƙara ɗakin haya, a tuge lallen, a malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, abin da zai rage a hanci sai kwata. A garin da ake wa kirari da birnin lambuna!

Dasa shi kuwa ba kuɗi. A yanko reshe mai kaurin fensir, tsawonsa kamar taƙi guda, a zage ganyen ƙasa, a soke rabinsa cikin ƙasa mai laima. Lokacinsa farkon ruwa, Maris zuwa Afrilu, wanda ya makara ya jira ƙaramar damina ta Satumba. Mai simintin tsakar gida ma ba shi da uzuri: galan Kufuor (jarkar roba ta ɗibar ruwa) da ya fashe, a yanke kansa, a huda gindinsa da ƙusa mai zafi, ya zama tukunya. Hujin nan kada a yi masa rowa, don lalle yana son rana, ba ya son ƙafarsa cikin ruwa, ruwan Kumasi kuma a watan Yuni kun san shi. Jar ƙasarmu tana ƙanƙamewa, sai a gauraya ta da baƙar ƙasa da yashi da kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ruwan wanki mai sabulu kuma, don Allah mata, a kai shi kwata.

Babban abokin gāba dai akuya ce, sai ragunan layya da ake ɗaurewa a tsakar gida. Nawa na kifa masa tsohon kwando da na cire wa gindi har ya fi ƙarfin bakinsu. In ya tsufa yakan yi 'yar ƙaya a kan rassa, a kula da yara.

Wanda ke da fili ya ƙara da lemun tsami. Furensa na farkon damina ba ƙaramin ƙamshi ba ne, ga lemun shayi a hannu. Masu sayar da dashe a bakin titi za su tallata muku wadda ake kira sarauniyar dare. Ƙamshinta gaskiya ne, amma yana da nauyi, yana sa wasu ciwon kai, mai asma kuma kada ya yarda a dasa ta ƙarƙashin tagarsa. 'Ya'yanta ma guba ne, ba na so a gidan da ke da masu rarrafe.

Roƙona, Malam Edita, duk tsiron waje da za ku yaba, ku ƙara layi ɗaya: yana yi a ƙasarmu ko ba ya yi. Akwai malaman aikin gona a jami'ar Kwame Nkrumah nan Kumasi, akwai ma'aikatan lambun Aburi da ke tsaye tun 1890, tambaya ɗaya ta ishe ku. Duk lokacin da aka shirya ranar dashen itatuwa ta ƙasa ma, irin wadda aka fara a Yunin 2021, ku tuna wa masu rabon dashe cewa gidajen Zango ba su da filin katon itace, amma suna da gurbin galan ɗaya. Ni kuma a bana zan aske lallena kafin ruwa ya sauka, kuma rassan na matan nan biyu ne da suka zo da hoto.

Wassalam.

Mai sayar da turare,
Aboabo, Kumasi.